Rumbu ba ya buƙatar madubi: sabar ajiya ta gida ba sai da katin girafiks ba

1/
Jama'a, akwai wata magana da ke yawo a tsakanin matasanmu masu son kwamfuta, wai ba za ka iya haɗa sabar ajiya a gida ba sai ka sa mata katin girafiks. Maganar nan ba ta da tushe, kuma tana cin kuɗin mutane a banza. Ku gyara zama, zaren yau yana da ɗan tsawo 🧵

2/
Ga wanda bai san zancen ba: sabar ajiya, wadda ake kira NAS, kwamfuta ce da kake ajiyewa a lungun ɗaki, ka cika ta da faifan ajiya, wato had-dis, ka jona ta da rauta. Daga nan wayarka da laftof ɗinka da talabijin duk su riƙa zuba kaya a cikinta suna ɗauka. Rumbu ne, iyaka.

3/
Me ya sa na damu? Saboda hotunan biki, bidiyon suna, furojet ɗin makaranta, aikin kwastoma, duk suna zaune a waya ɗaya ko laftof ɗaya. Ranar da aka fizge wayar a cikin Keke, shi ke nan. Google ma tun 1 ga Yuni 2021 ya daina ba da ajiyar hotuna kyauta marar iyaka. Gigabayit 15 ce rabonka, ita ma Gmail da Drive suna ci a ciki.

4/
Sai yaro ya yi niyyar haɗa nasa rumbun, ya tambaya, wani gwanin baki ya ce masa "ai sai ka nemi kati mai kyau tukun." Yaro ya duba farashin kati, ya duba aljihu, ya haƙura. Wani kuma ya sayi katin, kuɗin faifai na biyu ya tafi, ya zauna da faifai ɗaya tilo. Duk biyun an cuce su.

5/
Mene ne aikin katin girafiks? Zana hoto ya tura wa monita. Idan gem kake bugawa ko kana tace fim, zanen nan yana da nauyi, dole ka nemi kati mai ƙarfi. To sabar ajiya wa take zana wa hoto? Ba ta da monita. Babu mai zama a gabanta. Fayil ya shigo ta waya ta rubuta shi a faifai, an nema ta karanto ta miƙa.

6/
A wannan tafiya ta fayil, masu aiki su ne katin sadarwa, firosesa, RAM da faifai. Katin girafiks ko leƙowa ba ya yi. Ka sa mata mafi tsadar katin Nvidia a duniya, kwafin fayil ɗinka ba zai ƙara saurin ko sakan ɗaya ba. Wanda ya ce zai ƙara, ka ce ya gwada a gabanka. Gani ya kori ji.

7/
Abin da ke ƙayyade saurin shi ne wayar sadarwa. Waya mai gigabit ɗaya a lissafi tana ɗaukar megabayit 125 a sakan, a zahiri wajen 110 za ka gani. Had-dis ɗaya na zamani ya isa ya cika wannan hanya idan babban fayil yake karantowa. Bidiyon biki mai gigabayit 50 kusan minti 8 zai ɗauka, da kati ko babu.

8/
Ku dubi kamfanonin da sana'arsu ke nan. Yawancin akwatunan Synology ko kafar HDMI ba su da ita. Ka jona wuta, ka jona wayar sadarwa, ka buɗe burauza a wayarka, ka saita. Mutanen da suka shekara suna sayar da rumbun ajiya ba su ga dalilin sa kafar monita ba, sai kai ne Oga za ka ce mana wajibi ne a sayi kati?

9/
"To ta yaya zan sarrafa ta in ba monita?" Hanya biyu. Ta farko burauza. TrueNAS da OpenMediaVault duk suna da shafin gudanarwa. Ka rubuta lambar IP ta sabar a burauza, ka shiga, ka haɗa faifai, ka buɗe wa mutanen gida asusu, ka duba zafin na'ura. Kana kwance a kan katifa ma za ka iya.

10/
Ta biyu SSH. Tun 1995 wani ɗan ƙasar Finlan mai suna Tatu Ylönen ya ƙirƙiro ta. Da ita za ka shiga kwamfutar da ke nesa ka riƙa ba ta umarni a rubuce, kamar kana gabanta. Haka ake gudanar da sabobin da ke ɗauke da intanet ɗin da kake karanta zaren nan a kai. Ba wanda ke bin su ɗaya bayan ɗaya da monita a kafaɗa.

11/
Su waɗannan manhajoji ba jiya aka fara su ba. FreeNAS, wadda ta koma TrueNAS, tun 2005 take. Samba, wadda ke sa Windows ta ga sabar Linux kamar wata folda a cikinta, tun farkon shekarun 1990 Andrew Tridgell ya fara ta. Duk kyauta ne, kuma duk an gina su ne a kan cewa babu mai kallon allon sabar.

12/
Yanzu inda ruɗanin ya samo asali, don masu maganar ba daga sama suka tsinto ta ba. Akwai bambanci tsakanin "babu katin girafiks" da "babu girafiks kwata-kwata." Yawancin firosesocin Intel suna zuwa da ɗan girafiks a cikinsu. Tsohuwar kwamfutar ofis irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk da ake sayarwa ta hannu tana da shi. Ka jona monita a bayanta, hoto ya fito.

13/
Idan irin wannan ce a hannunka, muhawara ta ƙare tun ba a fara ba. Ka ari monita ko ka jona talabijin ɗin falo na minti 20, ka girka manhaja, ka rubuta lambar IP a takarda, ka cire waya. Daga ranar sai dai ka riƙa share mata ƙura.

14/
Waɗanda ba su da girafiks a ciki su ne na Intel masu harafin F a ƙarshe, kamar i5-9400F ko i5-12400F. A ɓangaren AMD kuma, Ryzen na tebur kafin jerin 7000 ba su da shi sai masu harafin G, irin 3200G da 5600G. Wato Ryzen 5 3600 ko 5600 ba za su ba ka hoto ba ko ka jona monita a madabod.

15/
To ko waɗannan ɗin ma suna aiki a matsayin saba ba tare da kati ba. Linux ba ruwanta da ko akwai mai zana hoto. Abin da ke iya tsayar da kai shi ne madabod. Wasu suna tashi lafiya lau, wasu su yi ƙara su wuce, wasu kuma su cije su ƙi tashi sai sun ga girafiks. Ka bincika sunan madabod ɗinka kafin ka kashe ko sisi.

16/
Yadda ake yi: ka ari kati, kowane iri, ko tsohon da aka jefar a shagon mai gyara. Ka girka manhaja da shi. Ka shiga BIOS ka kashe saitin da ke sa na'ura ta tsaya tana jiran a danna F1 idan ta ga matsala ko ba ta ga kibod ba. Ka tabbatar kana iya shiga ta burauza da SSH. Sannan ka kashe, ka zare katin, ka mayar wa mai shi.

17/
Ga tarkon da ke kama mutane, ku riƙe shi da kyau. A Linux sunan katin sadarwa yakan bi matsayinsa a layin PCIe. Da ka zare katin girafiks, lambobin na iya sauyawa, enp4s0 ya koma enp3s0. Saba ta tashi lafiya amma saitin sadarwa yana neman tsohon suna, sai ta ɓace daga rauta.

18/
A nan ne mutum zai yi ihu, "ka gani ko, ba ta tashi sai da kati!" Alhali ta tashi, tana zaune tana jira, hanyar magana ce ta toshe. Maganinsa ka ɗaure saitin da lambar MAC ta katin sadarwa, wadda ba ta sauyawa, tun kafin ka zare. Aikin minti biyar ne, amma rashin saninsa ya sa mutane da yawa sayen katin da ba sa buƙata.

19/
Wani kuma zai ce ka sayi ɗan toshin HDMI mai yaudarar kwamfuta ta zaci akwai monita. Wannan yana da amfani idan akwai girafiks amma yana ƙin aiki sai ya ga allo. Idan babu girafiks ɗin gaba ɗaya, toshin nan ado ne kawai.

20/
Za ka ce me zai sa mutum ya zaɓi firosesa marar girafiks tun farko? Wani ita ce ta rage masa bayan ya sabunta kwamfutar gem. Wani kuma RAM mai gyara kuskure yake so, wato ECC. Ryzen marasa G suna karɓarta a kan madabod ɗin da ya yarda, masu G na gama-gari kuwa ba sa karɓa sai nau'in PRO. Dalili ne mai kyau.

21/
Su madabod na ainihin saba, irin na Supermicro, sun warware wannan tun tuni. Akwai wata 'yar ƙaramar na'ura a jikinsu da ke ba ka damar ganin allo da shiga BIOS ta burauza, ko da kwamfutar a kashe take, muddin akwai wuta a jone. IPMI ake ce mata. In ka ci karo da na hannu a farashi mai sauƙi, ka dube shi da kyau.

22/
Mu zo kan abin da ya fi shafarmu, wuta. Saba ba ta barci, awa 24 take aiki. Kati kuma ko ba ya komai yana jan wuta. Mu ƙaddara yana jan wat 15 a zaune. Sau awa 24, sau kwana 365, ya ba ka yunit 131 a shekara. A kan abin da bai taɓa fayil ɗinka ba ko sau ɗaya.

23/
A watan Afrilu 2024 aka kai kuɗin wuta na 'yan Band A naira 225 kan kowane yunit. Da wannan farashi, yunit 131 ya haura naira dubu 29. Shekara uku ka tara kuɗin nan ka gani ko ba za su yi maka wani abu ba. Mai ba ka shawarar sayen kati ba shi zai saya maka kati na mita ba.

24/
In da sola da inbata kake, lissafin ya fi zafi. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, kuma idan irin mai ruwa ne rabi ake so ka ci don ya daɗe, wato 1,200. Kati mai wat 15 a daren awa 12 zai sha 180. Kashi 15 cikin 100 ke nan na abin da za ka kunna fanka da shi a watan Afrilu. Haba.

25/
Duk wutar da ya ja kuma zafi take komawa a cikin akwati. Faifai ba ya son zafi, ga bazara, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Kati ƙato yana tare hanyar iska, ya ƙara fankokin da za su tara ƙura su fara kuka. Kowane ƙarin kaya a cikin na'urar da ba ta hutawa ƙarin abin lalacewa ne.

26/
Sannan kati yana zama ne a babbar kafar PCIe, wadda ita ce mafi daraja a madabod. A wannan kafa za ka iya sa katin ƙara faifai irin LSI 9211-8i mai ɗaukar guda 8, ko katin sadarwa mai gigabit 10. Waɗannan su ne ke ƙara wa rumbu girma da sauri. Ka ba baƙon da ba ya aiki ɗakin maigida.

27/
Bari mu saurari ɗaya ɓangaren, don suna da hujja guda mai nauyi: fim. Idan kana amfani da Jellyfin ko Plex, wani lokaci na'urar da kake kallo a kai ba ta gane fasalin bidiyon, ko intanet ya yi rauni, sai saba ta juya shi zuwa wani fasali nan take. Wannan aiki ne mai nauyi, gaskiya ne.

28/
Amma a cikin gida, yawancin wayoyi da talabijin na yanzu suna kunna H.264 da H.265 da kansu. Saba miƙa fayil kawai take yi. In ma juyawar ta kama, ɗan girafiks ɗin cikin firosesar Intel yana da Quick Sync tun 2011, an yi shi ne musamman don wannan. Na ƙarni na 7 zuwa sama suna iya H.265 mai bit 10 ba tare da wahala ba.

29/
Ƙaramar firosesa irin Intel N100 da ta fito a 2023, wadda aka ƙiyasta zafinta a wat 6, tana juya bidiyo ta ciyar da mutanen gida. Ita gaba ɗayanta ba ta kai abin da wani katin ke ja yana zaune ba. Lura: a Plex sai ka biya Plex Pass kafin ka samu wannan juyawa ta na'ura, a Jellyfin kyauta ce.

30/
Hujja ta biyu: "ranar da ta lalace fa, ta ina zan ga abin da ke damunta?" Tambaya ce mai kyau. Amsarta tsohon kati guda a cikin durowa, ko lambar abokin da zai ara maka. Ranar matsala ka sa, ka gyara, ka cire. Ba ka barin mota a kunne shekara guda don wata rana za ka je asibiti.

31/
Hujja ta uku: basirar na'ura. In kana son gudanar da manyan manhajojin hira irin na AI a gida, ko tantance hotunan kyamarorin tsaro masu yawa, to wannan aiki ne na kati, ban musa ba. Sai dai ka san ka tashi daga zancen rumbu ka shiga wani. Immich ma, mai ajiye hotunan waya da gane fuskoki, tana yi da firosesa zalla. A hankali dai, amma cikin dare take aikinta, wa ke sauri?

32/
To kuɗin katin ina ya kamata su tafi? Na ɗaya, faifai na biyu. Faifai biyu masu terabayit 4 ka haɗa su su zama madubin juna, ka samu terabayit 4 na ajiya, ɗaya ya mutu kayanka na nan. Kowane had-dis mutuwa zai yi, rana ce kawai ba ka sani ba. Wannan ne kaɗai madubin da rumbu ke buƙata 😄

33/
Wajen sayen faifai ka tambayi ko CMR ne ko SMR. Na SMR suna yin sanyi sosai idan rubutu ya yi yawa, musamman lokacin da ake sake gina ajiya bayan mutuwar ɗaya. A 2020 an yi ta cece-kuce da aka gano wasu WD Red na SMR ne, har kamfanin ya ware na CMR da sunan Red Plus. Wannan ilimin ya fi maka sanin sunayen katunan gem.

34/
Na biyu, UPS, ko ka ɗora sabar a layin inbata. Ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu shi ne babban abokin gabar faifai a wajenmu. Ka sami UPS mai kafar USB, ta yadda in batir ya kusa ƙarewa za ta gaya wa saba ta kashe kanta cikin natsuwa. A BIOS kuma ka kunna saitin da ke sa ta tashi da kanta idan wuta ta dawo.

35/
Na uku, RAM. TrueNAS tana neman aƙalla gigabayit 8, saboda tsarin ZFS yana amfani da RAM wajen riƙe abin da ake yawan nema. ZFS ɗin nan, da kamfanin Sun ya fitar a 2005, yana sa wa kowane guntun bayani hatimi, yana bi yana dubawa, in ya ga ya gurɓata ya gyara daga ɗaya faifan. Ka kuma girka manhajar a ƙaramin SSD, kar ka dogara da filas.

36/
Na huɗu, kwafi a wani gida. Madubin faifai ba ya kare ka daga ɓarawo, gobara, tsawa, ko ɗan yatsanka da ya goge folda bisa kuskure. Ƙa'idar da aka sani ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Had-dis na tafi-da-gidanka da kake kai wa gidan Yaya duk wata ya wadatar.

37/
Ƙarin gargaɗi: kar ka buɗe shafin gudanarwar sabarka ga duniya. A 2022 masu kutse da DeadBolt sun kulle dubban akwatunan QNAP da ke fuskantar intanet, suka nemi kuɗin fansa. In kana son shiga daga waje, yi amfani da WireGuard ko Tailscale. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

38/
Abin da ke ba ni haushi a wannan zance shi ne yadda muka mayar da kwamfuta kayan ado. Fitila mai launi, fanka uku, gilashi a gefe, a ɗauki hoto a ɗora. Saba mai kyau kuwa ita ce wadda ka manta tana nan, shekara ta zagayo ba ta ba ka ciwon kai ba. Ba ta da kyan hoto, shi ya sa masu neman mabiya ba sa tallata ta.

39/
Masu ɗaukar hoton biki, masu tace bidiyo, ɗalibai, masu shagon buga takardu, ku ne wannan ya fi shafa. Kati yana da gurbi a kwamfutar da kuke aiki a kai. Wadda ke ajiye aikin kuma faifai take so, da wuta mai tsafta, da iska. Kar wani ya haɗa muku biyun don ya sayar da abin da ya kwana a shagonsa.

40/
In akwai tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin gado ko a sito, fito da ita yau. Duba sunan firosesar, ka ga ko akwai F ko G a ƙarshe. Nemi faifai biyu. Girka OpenMediaVault ko TrueNAS. Wanda ya maƙale ya ajiye sunan madabod da firosesarsa a ƙasa, mu duba tare. Mai ganin dole sai da kati kuma ya kawo lissafinsa na wat da naira, ina nan ina jira.